Daga Zabirar Wanzami Zuwa Katin Asibiti a Iyakar Bagudo

Mai ciwo a ƙasar Bagudo, can inda kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, yana da hanya biyu. Ko dai ya nufi asibitin gwamnati na kusa, in abin ya gagara a tura shi Birnin Kebbi, ko kuma ya bi ta Lolo ko Tsamiya ya tsallaka Jamhuriyar Benin, wajen Malanville, Segbana ko Kandi. In ya bi ta farko za a rubuta masa kati da Ingilishi, in ya bi ta biyu a rubuta da Faransanci, alhali ciwon nasa da Dandanci yake faɗinsa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko harshen Busawa, ko Hausa. Yakan dawo gida da ƙunshin ƙwayoyi da takardar da ba mai iya karanta masa, a tambaye shi abin da likita ya ce, ya amsa da cewa an ce jini ne, ko an ce sanyi ne. Yawancin masu magana kan lafiya a wannan yanki sukan tsaya ne kan ƙarancin likitoci da lalacewar hanya da tsadar magani, kuma duk gaskiya suke faɗi. Amma wanda ya bi tarihin jinya a bakin wannan kogi zai ga wani abu da ba a cika lissafawa ba: sau da yawa in aka ci galabar wata cuta da gaske, to sai da aka zauna aka faɗa wa mutum abin da ke damunsa da harshen da yake ji, sannan aka ba shi wani aiki da zai yi da hannunsa.

Iyakar kanta ba ta daɗe ba. Illo tsohuwar masarauta ce ta Borgu, 'yar'uwar Busa da Nikki a labarin Kisra, kuma mashiga ce ta fataken goro da ke tasowa daga Sakkwato da Jega su haye Kwara su bi ta Kandi da Jugu har Gwanja. A 1894 Lugard da Faransawa suka yi tseren isa Nikki, kuma a ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar da ta raba Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka ja layin ya taɓa kogi mil goma sama da tashar jiragen ruwan Illo. Bayan 'yan shekaru Turawa suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da Gwandu. Kafin wannan rabo ilimin magani yana bin hanyar da goro da kanwa ke bi. Akwai na malamai, wanda yake a rubuce. Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya rasu a 1837, ya keɓe wa ciwon basir littafi guda, ya yi wani kan ciwon ido, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana cikin abin da Bello ya nema a aiko masa da likita daga Ingila. Sai dai waɗannan littattafai da Larabci suke, manomi da masunci ba su kai gare su sai ta bakin malami. Wanda talaka ke gani ido da ido shi ne wanzami, da maɗori, da ungozoma, da mai saiwa a kasuwa.

A dubi yadda wanzami ke ƙaho. Yana zaune a tabarma, zabira a gefe, mai ciwo ya zo ya ce bayansa ya riƙe. Wanzami zai sa yatsa ya danna har ya sami inda mutumin ya zabura, ya ce masa mataccen jini ne ya taru a nan. Zai kafa ƙahon ya zuƙe iska ta ƙaramar kafar da ke tsininsa ya toshe, ya bari fata ta taso, ya cire ya yi 'yan tsaga da aska, ya sake kafawa. In ya ɗaga, sai ya juye abin da ya taru a ƙasa gaban mai shi, baƙi wuluk, guda-guda, ya ce ga shi nan. Daga nan ya faɗa masa abin da zai ci da wanda zai bari, da ranar da zai dawo. Cikin ɗan lokaci kaɗan mutumin ya ji sunan ciwonsa, ya ji dalilinsa, an yi aikin yana kallo, an nuna masa shaida, an ba shi doka. Kuma wannan wanzami ba baƙo ba ne, shi ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya, yana da kasonsa a ragon sunan 'ya'yansa. In aiki ya ɓaci an san ƙofar gidansa, an san Sarkin Aska da za a kai ƙara wurinsa. Haka maɗori, yana jan ƙafar da ta karye dangi na riƙe da majinyaci, yana ɗaure karan ɗori yana faɗin kwanakin da za a yi kafin a taka. Asibitoci da yawa na yau, da duk na'urorinsu, ba su ba majinyaci rabin wannan.

Nan take mai ilimin likita zai ce ai bayanin wanzami ƙarya ce, kuma ba za a musa masa ba. Jinin ƙaho ya yi baƙi ne don ya daskare a cikin ƙahon, lafiyayyen mutum ma in aka yi masa haka za a gani. Belun da ake cire wa jarirai ba cuta ba ne, cire shi kuwa yakan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Masu kwantar da yanar ido da tsinken ƙarfe suna tura ƙwayar da ta yi fari cikin ido ne kawai, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, da yawa su ƙare da makanta mai raɗaɗi. Mafi muni shi ne yankan gishiri da ake yi wa mace in naƙuda ta yi tsawo. A binciken da likita Tahzib ya buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin Zariya, kashi 13 cikin ɗari wannan yanka ne ya jawo musu, mafi yawan sauran kuwa doguwar naƙuda ce. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya san cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi ko ta Babbar Ruga a Katsina da zai yi kewar wancan zamani. To amma abin tambaya shi ne, me ya sa aikin da ke illa haka ya rayu shekaru aru-aru, har bayan an gina asibiti? Ya rayu ne don yana tafe da bayanin da uwa za ta iya riƙewa ta maimaita wa 'yarta. An ce mata gishiri ne ya tsiro ya toshe hanya, sai an yanke. Ba wanda ya zo ya ce mata ƙugun yarinyar ne bai gama buɗewa ba, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, don haka in rana ta faɗi sau ɗaya ana naƙuda a nemi asibiti. Bayanin ƙarya ya ci kasuwarsa ne a filin da na gaskiya bai shiga ba.

Turawa sun zo da ilimin da ya fi na wanzami inganci nesa ba kusa ba, amma sun zo da shi a rufe. A ɓangaren Ingila likitocin farko na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati, sai wajen shekarun 1930 aka fara yaɗa ɗakunan shan magani na En'e, inda malamin asibiti ke zuba ruwan magani daga manyan kwalabe. Fuskar lafiya da talaka ya fi sani ita ce ta dubagari, mai leƙa randa ya ci tara. A Anchau ta lardin Zazzau, don yaƙi da ciwon barci, tayar da mutane aka yi daga ƙauyukansu aka sake musu matsuguni. A ɓangaren Faransa abin ya fi tsari, ya kuma fi tsanani. Daga 1939 hukumar yaƙi da ciwon barci mai hedikwata a Bobo-Dioulasso tana aika ayarin ma'aikata har arewacin Dahome, wato Benin ta yau, a tara gari kakaf a jera, a lalubi wuyan kowa, wanda aka ji wa kaluluwa a ɗebi ruwanta, a soke shi a gadon baya a ɗebi ruwan laka, wanda ya ƙi fitowa kuwa hukuma ta san da shi. An rage cutar ƙwarai, wannan ba a ja. Sai dai ga mutumin da ya saba ganin ayarin gwamnati in an zo karɓar haraji ko ɗibar mutane aikin tilas da soja, abin da ya sa jama'a da yawa suka gudo daga yankin mulkin Faransa zuwa na Ingila, ayarin likita ma wani ayarin gwamnati ne. An warkar da jikinsa bai san da me aka warkar da shi ba, don haka bai koma gida da wani sani da zai kare 'ya'yansa ba.

Babu cutar da ta fito da wannan fili kamar kurkunu, wadda ta addabi ƙauyukan Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Borgu ta Benin. Yadda take kuwa shi ne, mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da suka haɗiyi 'ya'yan tsutsar. Ba zai ji komai ba sai bayan kusan shekara, lokacin da tsutsar ta girma ta kusa kai mita guda, ta gangaro ƙafa, ta tayar da bororo mai zafi kamar wuta a idon sawu. Zafin ne ke sa shi tsoma ƙafar a ruwa, da ta ji ruwa kuwa sai ta saki dubban 'ya'ya, ƙwarin su haɗiye, na gaba ya zo ya ɗiba ya sha. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar da ke kashe ta. Abin da ake yi tun zamanin kakanni shi ne a kama kanta a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan, makonni ana yi, in ta tsinke a ciki ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani har gaɓar ta sandare. A ƙasar Hausa akan yi wa kumburin sakiya da ƙarfe mai zafi. Kuma a wannan yanki da damina take fitowa, daidai lokacin noma, ta kwantar da magidanci gona ta cika da ciyawa. Tazarar shekara guda tsakanin shan ruwan da fitowar tsutsar ita ta ɓoye dalilin, shi ya sa a wurare da yawa na Afirka ta Yamma aka ɗauka wata jijiya ce da ke jikin kowa, ko abin gado ne, ko jifa.

Ga inda tarihin ke da ciwo. Tun wajen 1870 wani Barashe mai suna Fedchenko ya gano a Asiya ta Tsakiya cewa ƙwarin ruwan nan ne ke ɗauke da cutar, kuma a 1905 Robert Leiper ya tabbatar da haka a Akra. Ke nan duk tsawon mulkin Turawa, da kusan shekara 30 na mulkin kai, likitoci sun san cewa ƙyallen da za a tace ruwa da shi ya isa ya tsayar da kurkunu. Amma da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1988 zuwa 1989, sai aka sami mutum fiye da 650,000 da ita a ƙauyuka kusan 6,000 na Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Shekara tamanin da ɗoriya ilimin yana cikin littafi. Abin da shirin kawar da ita ya yi daga 1988, da taimakon Cibiyar Carter, daga baya kuma Janar Yakubu Gowon ya shiga yana bin ƙauyuka, ba wani sabon ilimi ba ne. An zaɓi mutum a cikin kowane gari an koya masa. Yakan tace ruwan tafkin da kowa ke sha, ya ɗauraye ƙyallen a cikin kwalba mai haske, ya ɗaga ta ga rana, mata da dattawa su matso su ga 'yan fararen abubuwa suna tsalle a ciki. Wannan shi ne juye jinin ƙaho a gaban mai shi, sai dai a wannan karon abin da aka nuna gaskiya ne. Daga nan aka raba matata, aka ce mai kurkunu kada ya shiga tafki, wani ya ɗebo masa. An ga mutum na ƙarshe da ita a Nijeriya a Nuwamban 2008 a jihar Inugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Benin ta rabu da ita a 2009, Nijeriya da Nijar a 2013.

Za a ce ai an haƙa rijiyoyin burtsatse, an kuma zuba maganin Abate a tafkuna, don haka kuɗi da kayan aiki ne suka yi aikin. Sun taimaka, amma ƙauyuka da yawa sun rabu da kurkunu suna nan suna shan tafkinsu, kuma rijiyar da aka haƙa ba ta hana manomi shan kududdufin da ke gefen gonarsa in bai san abin da ke ciki ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana tsallaken iyaka ne. Makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai haihuwa a ruwa mai gudu ke yaɗawa, ta tashi garuruwa a bakin rafukan Afirka ta Yamma. A 1974 aka kafa shirin yaƙi da ita mai hedikwata a Wagadugu, da ƙasashe bakwai ciki har da Dahome da Nijar, ban da Nijeriya. Jiragen sama masu saukar ungulu suka riƙa feshin rafuka mako-mako, har da irin su Sota da Alibori da Mekuru masu zuba a Kwara daga arewacin Benin. Ba a nemi fahimtar kowa ba, kuma an yi nasara babba. Wannan gaskiya ce, kamar yadda aka gama da agana a yankin a 1970 da allurar lamba ba tare da dogon bayani ba. Akwai cututtukan da ake iya kashewa daga sama. Sai dai a duba abin da ya faru a gefen da jirgi bai zo ba. Da kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987, sai aka tarar ƙwayar 'ya'yan tsutsar da ke jawo cutar take kashewa, uwar kuwa tana iya shekara goma zuwa sha biyar a cikin ƙullutun da ke ƙarƙashin fata. Dole ke nan gari guda ya sha magani kowace shekara har uwayen su mutu don kansu, har da masu jin lafiyarsu ƙalau, kuma shan farko yakan ƙara ƙaiƙayi da kumburi na 'yan kwanaki. Ba jirgin da zai sa mutum ya yarda da wannan. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama a tsakiyar shekarun 1990 ya nuna rabon ya fi kaiwa ga jama'a in su suka zaɓi mai rabawa da ranar rabo, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ga ɗan gari da sanda mai zane huɗu yana auna tsawon mutane, daga ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, yana tsame mai ciki da yaron da bai kai santimita 90 ba, yana gargaɗi tun kafin a haɗiya cewa ƙaiƙayin da zai biyo baya alamar magani na aiki ce. Yau Kebbi na cikin jihohin da hukumomin lafiya suka bayyana an katse yaɗuwar cutar, Nijar kuwa a Janairun 2025 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da ita.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan zurfi. Masani Murray Last, bayan zamansa a ƙasar Malumfashi, ya rubuta a 1981 cewa mutane da yawa, har da masu ba da magani, ba su san dalilin ciwo ba kuma ba su damu su sani ba, sauƙi kawai suke nema ko daga ina. Duk wanda ya san yadda ake haɗa rubutun sha da allurar kemis da jiƙon saiwa a rana ɗaya ya san akwai gaskiya a nan. Amma wannan halin ko-in-kula yana tafiya ne muddin abin da ake nema ga mutum bai wuce ya haɗiya ya ji sauƙi ba. Da zarar an ce ya miƙa lafiyayyen ɗansa a ɗiga masa wani abu a baki, sai tambaya ta taso, kuma in ba a amsa ba wani zai amsa. Haka aka yi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar hana haihuwa, da tunawa da gwajin maganin Trovan na 1996 wanda iyaye suka yi ƙarar cewa ba a yi musu bayani ba. Kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Benin. Abin bai daidaita ba sai da aka koma ga sarakuna da masu unguwanni da limamai da matan gari masu shiga gida-gida, har aka kai ga sanarwar Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Cututtukan da ke cika asibitocin Bagudo da Kandi yanzu irin waɗanda ba a fesawa daga sama ne. Mai hawan jini ba ya jin komai, in ba a faɗa masa cewa maganin na har abada ne ba zai daina sha ranar da kwalin ya ƙare, ya dawo da shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga shi ne likitan kansa a bakin akushi. Mai ƙaba yana tsoron tiyata don bai san aikin ɗinke ɓular da hanji ke leƙowa ba ne kawai, sai ya jira har hanjin ya shaƙe, aikin da bai kai sa'a ba ya zama na ceton rai. Mai ciki da ƙafarta ta kumbura, kai na sara, ido na ganin dishi-dishi, tana bakin jijjiga, amma gida za a ce mata alamar namiji ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙi, kuma in da hali da harshen da yake ji. A iyaka irin wannan, halin yakan zama ɗan'uwan da ya yi sakandare, ko mai shara da ke jin Dandanci, ko wani mai jinya a gadon kusa, mutanen da ba wanda ya koya musu yadda ake faɗin mahaifa ko mafitsara ko ƙarin jini, kuma mace ba za ta faɗi ciwon matancinta ta bakin ƙanin mijinta ba. Takardar amincewa da tiyatar haihuwa da Ingilishi take a wannan gefe, da Faransanci a wancan, kuma a duka biyun sau da yawa miji ne ke dangwala yatsa a ƙasanta cikin dare, matar da za a yanka tana ɗaki na gaba ba wanda ya gaya mata cewa haihuwarta ta gaba ma a asibiti ya kamata ta yi.